Kaurin jigo da sanduna na filafilin lug

Malam, ka tambayi kaurin jigo (itacen tsaye da ke riƙe filafili) da sandunan filafilin lug na kwale-kwalenka mai mita 4; lug shi ne filafili mai kusurwa huɗu da ke rataye a jikin sandar sama, wadda ake ɗagawa a jigo. Fara da faɗin filafilin, shi ke yanke kaurin, ba tsawon jirgin ba. Jigon da babu igiyoyin da ke riƙe shi ya fi shan wuya daidai inda ya ratsa bencin jirgi, can za ka bar kauri, ka sirance shi zuwa sama. Kada ka raina 'yan milimita: ƙarin kashi 10 a kauri na ƙara tauri kusan kashi 46. Sandar sama kuwa, in ta cika lanƙwasa, filafilin ya baje. Ɗaura igiyar ɗagawa wajen kashi 40 daga gabanta. Kafin ka sassaƙe katako, nuna wa mai ɗinka filafilin awonka.