Amsa ga mai tambaya: a bar yara su kalli Spirited Away?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an gaya miki fim ɗin cike yake da aljanu, shi ya sa kike shakkar kunna wa yaranki. Wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba. Ni dai shawarata ki bar su su kalla, amma kina zaune a gefensu, wanda bai kai shekara bakwai ba kuma a jinkirta masa.

Hayao Miyazaki na kamfanin fina-finan zane (katun) mai suna Studio Ghibli ne ya yi shi a Japan a 2001, har ya ci kyautar Oscar a 2003. Labarin Chihiro ne, 'yar shekara 10, da ta tsinci kanta tana aikatau a gidan wankan da halittun ɓoye ke zuwa hutawa. Daga Shinto, addinin gargajiyar Japan, aka ɗauko su, inda ake ganin kogi da dutse da bishiya kowanne da ruhinsa. Wannan kam ki faɗa musu ƙarara tun kafin a fara, cewa imanin mutanen can ne, mu labari muke kallo. Yara suna ganewa fiye da yadda muke zato.

A gidana ba aljanun ne suka tayar da hankali ba. Inda iyayen Chihiro suka afka wa abincin da ba nasu ba har suka rikiɗe aladu, nan autata ta ƙanƙame ni, ta kwana tana tambaya ko ni ma zan iya sauya kama. Haka wurin da Kaonashi, wani baƙin dodo mai farar fuska, yake haɗiye ma'aikata.

Abin da ya sa nake tsaya wa fim ɗin shi ne zuwan wani baƙo mai ɗoyi, laka na zuba daga jikinsa, kowa ya toshe hanci ya ja baya. Chihiro ce ta daure ta yi masa wanka, ta taɓo wani abu a soke a jikinsa. Aka ɗaura igiya aka ja, sai ga keke, bayansa tarin shara ya biyo. Ashe ruhin kogi ne da mutane suka mayar juji. Babban ɗana da kansa ya kawo zancen ledojin da suka toshe kwatar bayan gidanmu, ban ce masa komai ba.

Fim ɗin ya ɗan haura awa biyu, gara ki raba shi kwana biyu. Ƙananan kuma ki fara musu da My Neighbor Totoro na 1988, shi babu mugu a cikinsa.