Ta ina za a fara kafa allunan tarihi a ƙaramin gari?

Ɗan'uwa, ka ce kuna da tsohuwar rijiya da ragowar ganuwa, kuna son kafa musu alluna tun masu sanin labarinsu suna raye.

Ku fara da dattawan. Ku naɗi muryar kowa shi kaɗai, domin idan aka tara su, maganar mai faɗa a ji ce ke rinjaye. Kada a tsallake tsofaffin mata, sau da yawa su ke riƙe da salsalar gidaje. Sannan ku gwada abin da kuka ji da tsofaffin takardu da taswirori. Shekarar da ba ta tabbata ba, a rubuta "wajen" ko "an ruwaito", don abin da ke kan allo yara haddacewa za su yi.

Game da ganuwar kanta, abin da ya fi damuna shi ne yaɓe da siminti. Yana kulle danshi a cikin bangon ƙasa har ya zube. Allon ma a dasa shi gefe, da izinin mai filin.

Idan bango ya tsage, ko aka tono tukwane ko ƙasusuwa, kada a ɗaga komai, ku kira hukumar adana kayan tarihi.