Ba sandar Hai'a ce ta riƙe mu ba

Malam, tambayarka ta iso, kuma na gane inda ta dosa. Wai tunda aka karɓe ikon kama mutane daga hannun 'yan Hai'a, wato 'yan hisbar Saudiyya, a 2016, ai mu Hausawan Makka mun saki layi, yaranmu sun watse. Har kana ba mu misali da Hisbar Kano.

Gaskiya ne, a da in an kira salla za ka ga motarsu tana zaga kasuwa, masu shaguna na ta sauke ƙofa. Amma mu da muka tashi a Shara Mansur mun san masu sauke ƙofar su zauna a ciki suna shan shayi har a idar. Da aka daina zagayen, su ne suka fara barin ƙofa a buɗe. Mai zuwa masallaci a da, har gobe yana zuwa.

Kakata da ƙafa ta zo ƙasar nan, ta Chadi da Sudan, suna yada zango su yi noma su sami guzuri, kafin su haye teku daga Sawakin zuwa Jidda. Ita ta rene mu, kuma ban taɓa ganin bulala a hannunta ba. In ka yi abin kunya, sai ta zaunar da kai gefen murhu tana tuƙa tuwo.

"Wa ya gan ka?"

Ka ce ba kowa.

"To, Allah fa?"

Shi ke nan, ta ci gaba da tuƙinta, kai kuma ka rasa inda za ka sa kanka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ku zo aikin Hajji, ku ji Larabci ya cakuɗa da Hausarmu, ku ce ai Takari ne, sun bar gida. Ƙanwata Balarabe take aure, mutumin Jizan. Har yau ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta cin abinci a gaban surukinta. Dangin mijin sun sha tambayarta dalili. Da za ta bari, ba wanda zai ce mata don me a gidan nan, amma ba ta bari ba.

Ban ce tsawa ba ta da rana ba, yaro sai da ita. Kuma lalatattu muna da su, ba zan ɓoye maka ba. Da yawansu an haife su ne ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba makaranta, ba aikin yi, kullum suna gudun kamu, kuma tun Hai'a na da ƙarfinta a haka suke. Kuna zuwa kowace shekara, ba na jin kuna tambayar halin da waɗannan yaran ke ciki.