Sun Yanke Shawarar Sayar da Gidanmu Ina Madafi

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ce auta a cikin mu shida, maza uku mata uku, kuma ni kaɗai na rage tare da iyayenmu a gidanmu na Daura, kusa da rijiyar Kusugu, bayan da aiki ya kai mazan Abuja da Kaduna da Katsina, aure kuma ya kai matan Kano da Maraɗi. Da Allah Ya yi wa Baba rasuwa, dukkansu suka hallara domin sadakar arba'in, na kuwa yi murna ƙwarai, saboda an daɗe gidan bai cika haka ba. Ni na share ɗakuna, ni na tuƙa tuwo, ni na dama fura, ni na yi wa 'ya'yansu wanka.

A daren ƙarshe suka taru a turakar Baba, suka yanke shawarar a sayar da gidan a raba kuɗin, ina madafi ina kankare ƙanzo. Babu wanda ya ce a kira Auta. Inna dai tana ɗakinta saboda takaba, ita ma ba ta san abin da ake ciki ba. Amma ni fa, Gwaggo, ni da na yi jinyar Baba, ni da nake kwana a ƙasa kusa da gadonsa, a ce ba a kira ni ba? Da safe babban yayanmu ya damƙa mini ambulan yana cewa sannu da ƙoƙari, kamar ana sallamar 'yar aiki. Suka ɗauki hoto a ƙofar zaure, kowa ya kama hanyarsa. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, rashin kiran ne. Na fita daga zaurenmu na WhatsApp, kuma ba na ɗaga wayar kowa. Shin na yi laifi?

Auta, daga Daura

Wa alaikis salam 'yata. Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya saka miki jinyar da kika yi. Ban ji ta bakin yayyenki ba, saboda haka ba zan yanke musu hukunci ba, amma abin da suka yi rashin kunya ne.

Sai dai a duk wasiƙarki, jimla guda ce ta hana ni sakat, wadda kika wuce ta a guje: Inna tana ɗaki tana takaba, ba ta sani ba. Takaba wata 4 ne da kwana 10, kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, kuma a gidan mijinta mace take yin ta. Ranar arba'in saura mata kusan wata 3. Bugu da ƙari ita magajiya ce, domin aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta ba ta sumuni, wato kashi ɗaya cikin 8, bayan an biya bashi an cika wasiyya. Idan babu wasu magada, ragowar kashi 9 za a yi, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Ke an hana ki wurin zama a turaka, ita kuwa ɗakin kwananta ake ciniki.

Masu karatu, musamman ku da kuke zuwa gida daga birni da jaka a hannu, ku ji ni: gado ba a raba shi cikin dare don kawai kowa yana son kama hanya da asuba, kuma wanda ya zauna da tsofaffi ya fi ku sanin halin da gidan yake ciki.

Fushinki yana kan hanya, amma kashe waya ya bar Inna ba mai magana da yawunta. Ki koma zauren WhatsApp ɗin yau. Ki sanar da Inna cikin natsuwa, sannan ki je wurin baffanku ko limamin unguwa, a kira yayanku a ce masa a dakata har ta fita takaba. Daga nan a yi wa gidan ƙima a gaban malami ko kotun shari'a, mai hali a cikinsu ya sayi kason sauran, Inna ta ci gaba da zama a ɗakinta. Kuma ba ki faɗa mini inda ke kanki za ki koma ba idan aka sayar. Ki sake rubuto mini.

Gwaggo