Kafin ki hau jirgin Saliyo: amsa ga ƙanwarmu mai tafiya aikin sa kai

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya da daddare: ke ma'aikaciyar jinya ce a nan Legas, wata ƙungiya ta ɗauke ki aikin sa kai na wata uku a wani asibitin karkara kusa da Kenema a ƙasar Saliyo, tafiya farkon Yuli, kina so a gaya miki abin da za ki shirya. Allah ya sa alheri, ya ba da lada. Na kuma ga masu cewa ai wanda ya iya zaman Agege da sauron Mile 12 babu ƙasar da za ta gagare shi a Afirka. Wannan maganar ki ajiye ta gefe, domin ita ce ke kayar da namu. Bature in zai je yana tsoron komai, sai ya shirya komai. Namu kuwa sai ya ce duk gida ne, ya cusa kaya a jaka ana gobe tafiya.

Ki fara da ƙungiyar kanta kafin ki sayi ko allura. Ki nemi takardar gayyata mai ɗauke da sunan asibitin, garin, ranar farawa da ranar gamawa, da sunan wanda zai tarbe ki. Ki tambaye su a rubuce, ba a waya ba: wa zai biya tikitin zuwa da dawowa, wa zai biya masauki da abinci, in kin kwanta ciwo wane asibiti za a kai ki, in kuma ta kama a dawo da ke Legas cikin gaggawa kuɗin wa za a taɓa. Ƙungiyar kirki tana da amsar waɗannan a aljihu, kuma za ta haɗa ki da wani da ya je bara ki ji daga bakinsa. Wadda ta fara kame-kame, ko ta ce ki turo makudan kuɗi asusun wani mutum, ko ta ce ita za ta riƙe miki fasfo in kin sauka, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Fasfonki ba ya kwana a hannun kowa.

Fasfo ya zama yana da saura aƙalla wata shida bayan ranar dawowarki. In sabuntawa za ki yi, ofisoshin Ikoyi, Ikeja da Festac suna nan, amma abin da ke jan lokaci shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin tsohon fasfo da lambar NIN, don haka ki duba wannan yau. Saliyo tana cikin ECOWAS, ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, yana da kwana 90. Amma ki lura, wata uku da kwana 90 ba ɗaya ba ne. Daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba kwana 92 ne, kin ga kin zarce da kwana biyu ba ki sani ba. Ko dai a gyara ranar dawowa, ko ƙungiyar ta nema miki ƙarin wa'adi tun da wuri. Sannan shiga ƙasa ba tare da biza ba daban, izinin taɓa majinyaci daban. Lasisinki na Najeriya a Najeriya yake aiki. Can suna da tasu hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma, ki sa ƙungiyar ta yi miki rajistar wucin gadi kafin ki iso. Ki tafi da lasisin da takardun makaranta, na asali da kofi, da hotunan fasfo kamar takwas. Ran da wani abu ya faru da majinyaci a hannunki, takardar nan za a fara nema.

Katin rigakafin shawara, wanda muke ce wa yalo kad, shi ne abin da zai iya tsayar da ke a filin jirgi. Ana yin sa a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja. Ki yi rajista ta intanet, ki biya, ki je da kanki a yi miki allurar. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka wanda ya yi ana jibi tafiya kamar bai yi ba ne. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, in kina da tsohon kati na gaskiya ki kai a mayar miki da shi sabo. Masu tare mutane a bakin filin jirgi suna cewa za su kawo kati cikin minti goma ba tare da allura ba, ki wuce su. Sabon katin ana duba lambarsa a kwamfuta, kuma sauro ba ya karanta kati.

Wadda ta fi damuna a kanki ita ce rigakafin ciwon hanta nau'in B, tunda da allura da jini za ki yi aiki. Ki fara yin gwaji. In ba ki da cutar kuma ba a taɓa yi miki rigakafin ba, ƙa'idarta uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida. In lokaci ya ƙure akwai ta gaggawa, yau, rana ta 7, rana ta 21, sannan ƙari bayan shekara. Ta taifot a yi ta mako biyu kafin tafiya, ta tetanus kuma in kin haura shekara 10 rabonki da ita ki sabunta. In akwai yiwuwar juna biyu ki gwada kafin a yi miki ta shawara, kuma gaskiya mai ciki ba na ba ta shawarar zuwa yankin nan, saboda abin da zan faɗa yanzu.

Kenema gidan zazzaɓin Lassa ne. Asibitin gwamnati na garin yana da sashe na musamman domin cutar tun shekaru da dama. Mu ma muna da ita a Edo da Ondo da Bauchi, amma yawancin masu aiki a asibitocin Legas ba su saba sa ta a lissafin yau da kullum ba, can kuwa dole ne. Ɓera ke yaɗa ta da fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, sannan ma'aikacin lafiya yana ɗauka daga jini da ruwan jikin majinyaci. A farko ba ta da bambanci da maleriya ko taifot: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, kasala. Duk zazzaɓin da aka ba wa maganin maleriya kwana biyu bai sauka ba, a jikinki ne ko a jikin majinyaci, ki ɗaga murya. Maganinta ya fi aiki in an fara a kwanakin farko. A ɗakinki kuwa, garin kunu, kuka, kuɓewa, ƙuli-ƙuli, duk abin da kika taho da shi ya shiga roba mai murfin da ke kamawa gam. Leda ba ta hana ɓera komai. Kwanon da ya kwana a buɗe a sake wanke shi da safe.

Kada ki dogara cewa asibitin zai ba ki kayan kariya. Ki tafi da naki: safar hannu kwali uku ko huɗu daidai hannunki, takunkumi, tabarau na kare ido, rigar roba ta ɗaurawa a gaba, man tsabtace hannu, ma'aunin zafin jiki, da tocilar goshi, domin karɓar haihuwa da fitilar waya a baki ba abin sha'awa ba ne. Ki kuma tambaya tun daga nan ko suna da maganin kariya daga HIV na wanda allura ta soka. Ana fara shi ne cikin awa 72, gara ma a awannin farko, a sha kwana 28. In babu a asibitin, ki san garin da yake da nisan wurin, ko likitanki ya rubuta miki ki tafi da shi.

Maganar maleriya, a nan masu cewa kin saba suna da ɗan gaskiya. Wanda ya tashi a nan kuma yake zaune a nan jikinsa yana da ɗan sabo, ba lallai sai ya sha maganin rigakafi kullum ba. Amma mai sikila, ko wanda ya yi shekaru a Turai ya dawo, wannan sabon ba abin dogaro ba ne, ya ga likita. In an ɗora ki a kan doxycycline, miligiram 100 ne kullum, a fara kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a ci gaba har mako huɗu bayan dawowa, a sha da ruwa mai yawa bayan an ci abinci, kuma kada a kwanta nan take domin yana ƙona maƙoshi. Ko ma dai yaya, ki ɗauki gidan sauro mai magani da igiya da ƙusoshi huɗu, domin sau da yawa gidan sauron yana nan amma babu inda za a ɗaura shi. Ki haɗa da man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET kashi 30 zuwa 50, kayan gwajin maleriya na yatsa kamar biyar, da maganin maleriya na ACT, nau'in artemether-lumefantrine, zubi biyu daga kemis ɗin da kika yarda da shi. Shan shida ne cikin kwana uku, da abinci mai maiƙo ko madara, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukarsa sosai.

Ruwa shi ne zai fara gwada ki. Cikinki ya saba da ƙwayoyin Legas ne, ba na Kenema ba. Ki tafasa ruwa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko ki jefa ƙwayar kulorin ki jira minti 30, in ruwan da dauɗa a tace shi da tsumma mai tsabta tukuna. Ƙanƙara a lemo da salak ɗin kan hanya ki haƙura da su. In gudawa ta zo kuma fakitin ORS ya ƙare, kin san haɗin: ruwa lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Rafi kuma, komai kyansa da zafin rana, kada ki shiga wanka ko wanki, tsargiya ta fata take shiga.

Yuli da Agusta su ne tsakiyar daminarsu, kuma ruwan can ya fi na Legas nesa ba kusa ba. Kaya ba sa bushewa, takalmin fata da jaka suna yin fumfuna cikin mako guda. Ki zaɓi yadi mara nauyi mai saurin bushewa, hijabai masu sauƙi, takalmin ruwa, rigar ruwa, da ledoji masu zif na takardu da waya. Duk kayan da aka shanya a waje, har da na ciki da zanin gado, a goge su da dutsen guga mai zafi. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a kan danshin kaya, tsutsar ta shige fata, sai ki ga kamar maruru mai ɗan baƙin ɗigo a tsakiya yana motsi. In ta faru kada ki matse da ƙarfi. Ki toshe bakin da Vaseline, in ta rasa iska za ta leƙo, ki zare ta.

Filin jirginsu yana Lungi, ruwa ya raba shi da Freetown, sai an hau jirgin ruwa ko a zagaya ta Port Loko a mota. Ki nemi jirgin da zai sauka da rana, ki kuma tabbatar wanda zai tarbe ki a Lungi zai tsaya, ba a cikin gari ba. Daga Freetown zuwa Kenema kusan kilomita 300 ne ta Bo. Kada ki yarda da tafiyar dare, kuma in aikin zai sa ki hawa acaba ki sayi hular kwano taki. Haɗarin hanya ya fi duk cututtukan da na lissafa saurin illata mutum.

Kuɗinsu leone ne, an cire masa sifiri uku a 2022, amma har yanzu za ki ji ana faɗin farashi da tsohon lissafi, ki tambaya kafin ki miƙa. Ki tafi da dala a hannu, sabbin takardu marasa yagewa ko rubutu, ki raba su wuri biyu. Katin naira kada ki sa shi a lissafi. Layin Orange ko Africell za ki saya, ki tambayi ma'aikatan asibitin wanne ne ke kamawa a ƙauyen. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu, cajarki za ta shiga. Fawa bank a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwati ba. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, ki gaya wa su Hajiya kada a tashe ki kafin asuba da kiran gaisuwa.

A filin jirgin Ikeja ki kula da abu biyu. Duk maganin da kika ɗauka ya kasance cikin kwalinsa tare da takardar likita, kuma tramadol da kodin kada su kusanci jakarki ko da an ce gudummawa ce ga asibitin, NDLEA ba ta jin wannan bayanin. Na biyu, saƙo. Da zarar an ji za ki tafi, wani zai kawo ƙulli a kai wa ɗan'uwansa. In ba a gabanki aka buɗe aka ɗaure ba, ki ba shi haƙuri ko waye shi.

In kin isa, makon farko ki zama mai kallo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikatan can da yawansu sun yi aiki a lokacin Ebola, daga 2014 zuwa 2016, sun binne abokan aikinsu, sun san abin da ba a koyarwa a makaranta. Mu 'yan Najeriya an san mu da ɗaga murya da saurin gyara wa mutane aiki, ki rage. Ki koyi gaisuwa da Kiriyo da Mende, yaren yankin, ki kuma nemi izini kafin ki ɗauki hoton majinyaci, yara ma ki bar su kawai. Musulmi ne suka fi yawa a ƙasar, masallaci da abincin halal ba za su ba ki wahala ba, sai dai ki shirya wa shinkafa da miyar ganyen rogo da manja kusan kullum. Yajinki zai yi rana.

Ki sanar da ofishin jakadancin Najeriya a Freetown cewa kin shigo, ki bar kofin fasfo da lambar mai tarbarki a gida. Bayan kin dawo Legas kuma, ki ƙirga kwana 21. Duk zazzaɓin da ya zo a cikinsu kada ki tsaya kemis, ki je asibiti, kuma tun a wurin yankar kati ki ce daga Kenema kike.