Yadda Mashayar Stonewall Ta Shiga Tarihin Amurka

Tambaya: Na ji an ce gwamnatin Amurka ta sanya wata mashaya ta masu neman jinsinsu da ke birnin Niyok cikin wuraren tarihi na ƙasa. Ta yaya wurin shan giya da rawar dare ya kai wannan matsayi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, sunan mashayar Stonewall Inn, tana kan titin Christopher a unguwar Greenwich Village, kuma Shugaba Barack Obama ne ya ba wurin wannan matsayi a watan Yunin 2016. Amma ba za a gane dalili ba sai an san halin da waɗannan mutane suke ciki a shekarun 1960. A lokacin dokar jihar Niyok ta haramta mu'amalarsu, hukumar da ke ba da lasisin sayar da giya kuma tana iya rufe duk mashayar da ta bari suka taru, don haka wanda asirinsa ya tonu yana iya rasa aikinsa da gidan hayarsa, har da danginsa. Mashayar dare na cikin 'yan wuraren da mutum zai zauna da irinsa ba tare da ɓoye kansa ba, can ake samun aboki, can ake jin labarin aiki ko ɗakin kwana.

Stonewall ba wurin alfarma ba ce. 'Yan Mafiya ne suka mallake ta, ba ta da lasisi, kuma babu famfo a bayan kantar sayar da giya, sai dai a dulmiya kofuna cikin bahon ruwa a sake miƙa wa wani. Mai shiga yakan sa hannu a littafi a bakin ƙofa, galibi da sunan ƙarya. Idan 'yan sanda suka doso, sai a kunna fararen fitilu, masu rawa su saki juna nan take. Duk da haka matasan da iyayensu suka kora suna tururuwa zuwa can, domin ana barin su su yi rawa, abin da yake da wuya a wasu wurare.

Da tsakar daren 28 ga Yunin 1969 'yan sanda suka kai samame kamar yadda suka saba, sai dai wannan karon mutanen da aka fitar suka ƙi watsewa. Tura ta kai bango, aka yi ta jifa da kwabbai da kwalabe, har sai da 'yan sandan suka kulle kansu a cikin mashayar, tarzomar kuwa ta ci gaba cikin dararen da suka biyo baya. A ganina kuskure ne a ce gwagwarmayar daga nan ta fara, domin tun a 1966 'yan Mattachine, wata ƙungiyar kare haƙƙin masu neman jinsinsu, suka shiga mashayar Julius' da ke kusa, suka bayyana ko su wane ne, suka nemi a sayar musu da abin sha don ƙalubalantar waccan ƙa'ida ta hukumar lasisin giya. Abin da Stonewall ta kawo shi ne fitowa fili da yawa: shekara guda cif bayan samamen, dubban mutane suka yi tattaki daga unguwar zuwa dandalin Central Park da rana tsaka.

Wannan zumunci na mashayu ya yi rana a shekarun 1980, lokacin da cutar ƙanjamau ta yi ta kashe su, suka kafa ƙungiyoyin jinya da tara kuɗi irin su GMHC, mai kula da lafiyar maza masu neman jinsinsu, a 1982. A 2019 kuma shugaban 'yan sandan birnin, James O'Neill, ya fito ya nemi afuwa kan samamen na 1969.