Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Kai Ƙaramin Yaro Ganin Dangi a Lokacin Hunturu

Da zarar makarantu sun ba da hutun ƙarshen shekara, iyalai masu yawa da ke zaune a Legas, Abuja, Fatakwal, Yamai da ƙasashen waje sukan kama hanyar gida domin kakanni su ga jikokinsu, wasu kuma domin bukukuwan aure da ake yawan sanyawa a watan Disamba. Wannan hutu yana faɗowa ne a tsakiyar hunturu, lokacin da busasshiyar iska mai ƙura ke kaɗowa daga Sahara, dare ya yi sanyi, hazo ya rufe gari. Tambayoyin da muka zaɓa a wannan karon duk sun shafi yin irin wannan tafiya da ƙaramin yaro.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Legas, ɗana yana da wata huɗu, kuma za mu kai shi garinmu a jihar Katsina karo na farko. Bai taɓa shiga sanyi irin namu na Arewa ba, kuma a gidanmu akan shigar da kaskon garwashi ɗaki da daddare. Yaya zan kare shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya shi. Kaskon nan ya fi tayar mini da hankali fiye da sanyin kansa. Gawayin da ke ci a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Babba zai iya farkawa da ciwon kai ko jiri har ya samu ya fita, amma jariri ba ya iya faɗa, barcinsa ne kawai ke ƙara nauyi, mutanen ɗaki kuwa su ɗauka ɗumi ne ya yi masa daɗi. Saboda haka kada a kwana da garwashi a ɗakin da yaron yake, ko da an ce ya riga ya ruru ba ya hayaƙi, domin rashin hayaƙi ba ya nufin babu gubar. Haka nan janareto: a ajiye shi can waje nesa da taga, ba a soro ko a barandar da ke manne da ɗakin kwana ba.

Ɗumin da jariri yake buƙata daga sutura da jikin uwarsa yake samuwa. Ki sa masa kaya hawa-hawa, ya fi ki da riga ɗaya, da safa, da hula idan za a fita da shi da sassafe ko bayan magariba. Idan kina son sanin ko ya ji ɗumi, ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, domin tafin hannun jariri da ƙafarsa sukan yi sanyi ko da jikinsa lafiya lau yake. Ki kwantar da shi rigingine, kada bargo ya rufe masa fuska. Wanka kuma a bar shi sai hantsi ya ɗaga, a yi shi cikin gaggawa da ruwan ɗumi, a shafe shi da man kaɗanya ko basilin tun fatar ba ta gama bushewa ba. Idan hancinsa ya toshe da ƙura, ɗigon ruwan gishiri na hanci da ake sayarwa a kemis ya wadatar, kada a cusa masa man zafi a hanci.

Mura kusan ba makawa ce a wannan yanayi, abin da ya kamata ki iya shi ne bambanta ta da ciwon huhu, wato nimoniya. Lokacin da yaro yake kwance bai kuka, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif da agogon wayarki. Ga jaririn da bai kai wata biyu ba, numfashi 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Idan kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, a tafi asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Likita, 'yata tana da wata uku kuma nono zalla nake ba ta. Za mu yi sati biyu a gidan surukaina, kuma na san uwar mijina za ta ce a ba ta ruwa saboda bushewar iska, a lasa mata zuma. Ta taɓa ma yin maganar a kira wanzami ya cire mata beli. Ina jin nauyinta ƙwarai, ban san yadda zan yi ba.

Amsa: Malama, na fahimci halin da kike ciki, kuma ya kamata a fara da yarda cewa Hajiya ƙauna ce ta sa take faɗin haka, da irin wannan renon ta tashi nata 'ya'yan. Amma dukkan abubuwan ukun suna da haɗari na gaske. Nonon uwa fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa ruwa ne, yana kashe wa jariri ƙishi har a tsananin zafin bazara, balle a hunturu. Ruwan da za a ɗura mata yana cika ɗan cikinta ta rage shan nono, idan kuma daga randa ko rijiya aka ɗebo shi yana iya jawo mata gudawa. Abin da ya dace shi ne ke ki yawaita shan ruwa, ki kuma yawaita ba ta nono har ta cika wata shida. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, domin takan ɗauki ƙwayar wata cuta da hanjin jariri ba ya iya kashewa, wadda ke saki jijiyoyin jiki har numfashi ya gagara.

Maganar beli ita ce wadda ba zan sassauta a kanta ba. Wannan ɗan naman da ke lilo a maƙogwaro halitta ce da kowa yake da ita, ba ya hana shan nono kuma ba shi ke kawo amai ko tari ba. Yanke shi yana jawo zubar jini, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke galabaitar da jaririya 'yar wata uku, ga ruɓewar wurin, ga tetanus mai sandarar da jiki, ga ciwon hanta da ake iya ɗauka idan an yi wa wani amfani da ƙarfen. Ki haɗa da kwalli, domin na gargajiya da yawa yana ɗauke da dalma, ita kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

A ganina wannan magana ba taki ba ce, ta maigida ce. Shi ya kamata ya keɓe da mahaifiyarsa tun ranar da kuka sauka, ko ma ta waya kafin ku taso, ya ce mata cikin ladabi likita ya hana, domin abin da uwa za ta karɓa daga bakin ɗanta da wuya ta karɓe shi daga bakin suruka ba tare da an samu ɓacin rai ba. Ya kuma roƙi 'yan uwa masu zuwa ganin jaririya su wanke hannu kafin su ɗauke ta, mai mura ya haƙura da ɗauka. Idan akwai wani a gidan da ya haura sati biyu yana tari, musamman da rama ko gumin dare, kada yarinya ta kwana ɗaki ɗaya da shi, kuma a taimaka masa ya je gwajin tarin fuka, wanda ake yi kyauta tare da maganinsa a asibitocin gwamnati.

Tambaya: Ni ɗan Kano ne mazaunin Ingila. Ɗana mai shekara biyu a can aka haife shi, kuma za mu zo gida hutun Disamba. 'Yan uwa sun ce babu sauro a lokacin sanyi, don haka ba sai ya sha maganin kariya ba. Haka ne?

Amsa: Malam, sauro yana raguwa a hunturu, amma ba ya ƙarewa, musamman a unguwannin da ke da kwatoci da kududdufai da kuma yankunan noman rani irin su Kura da Kadawa. Yaran da suka tashi a Kano sun sha cizo tun suna goye, waɗanda suka girma a cikinsu sun samu ɗan kariya a jiki. Ɗanka ba shi da ko kaɗan, kuma nau'in zazzaɓin cizon sauro (maleriya) da ya fi yawa a Najeriya shi ne mafi tsanani, yana iya taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Kai ma da ka daɗe a waje, kariyar da ka tashi da ita ta ragu sosai, don haka maganar ta shafe ka.

Ku ga likitanku ko asibitin matafiya sati huɗu zuwa shida kafin tafiya. Akwai maganin da ake sha kullum, a fara kwana ɗaya ko biyu kafin isowa, a ci gaba har kwana bakwai bayan komawa; akwai kuma na mako-mako, wanda ake farawa sati biyu zuwa uku kafin tafiya, a ci gaba har sati huɗu bayan komawa. Nauyin yaro ne ke nuna adadin da zai sha, shi ya sa ba a saye shi da ka. A haɗa da gidan sauro mai magani kowane dare da tufafi masu dogon hannu da yamma. Yana kuma buƙatar allurar zazzaɓin shawara, wadda ake yi daga wata tara, kuma takardar shaidarta ba ta fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta. Bayan kun koma Ingila, duk zazzaɓin da ya same shi, musamman a wata ukun farko har zuwa shekara guda, ku gaya wa likita a fili cewa ya je Najeriya domin a gwada jininsa a ranar.

Tambaya: Ɗana mai shekara huɗu yana da sikila, za mu je Jos wurin kakarsa. In fasa tafiyar?

Amsa: Ba lallai ne ki fasa ba, Hajiya, muddin yana cikin ƙoshin lafiya a kwanakin nan kuma likitansa ya duba shi kafin ku tashi. Sai dai sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon ƙashi ga mai sikila, Jos kuwa tana kan tudu, sanyinta ya fi na yawancin garuruwan Arewa. A hunturu yaro ba ya jin ƙishi alhali busasshiyar iska tana zuƙe masa ruwa, don haka ki riƙa miƙa masa ruwa ba sai ya nema ba, har a cikin mota. Kada ya yi wanka da ruwan sanyi, kada ya fita wasa da asuba. Ki tafi da magungunansa na kullum da za su wuce kwanakin tafiyar, da katinsa na asibiti. Zafin jiki da ya kai 38 a ma'auni, ciwon ƙirji, kumburin ciki, ɗashewar ido da tafin hannu, ko raunin wani ɓangare na jiki, duk na gaggawa ne, ba a jira gari ya waye.

Tambaya: Ranar rigakafin ɗana ta wata tara za ta faɗo muna ƙauyenmu a Zamfara. In bari sai mun dawo Abuja?

Amsa: Kada ki bari. Ki tafi da katinsa, kowace cibiyar lafiya a matakin farko za ta yi masa kyauta ta rubuta a katin, sai dai ki tambayi ranar da suke yi, domin wasu cibiyoyin suna da ranaku na musamman. Alluran wata tara sun haɗa da ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, kuma ƙyanda da sanƙarau a lokacin rani suke yaɗuwa, a inda mutane suka cunkushe a ɗaki ɗaya kamar yadda ake yi a gidan biki. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna cikin yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi daga Disamba zuwa Yuni, kuma Zamfara ce ta fi jin jiki a annobar 2017. A jariri ba kullum ake ganin sanƙarewar wuya ba, abin da za ki lura da shi shi ne zazzaɓi, kuka mai ƙara wanda ba ya lallasuwa, ƙin nono da kumburin maɗiga. Ki duba katin kuma ki tabbatar ya samu allurai uku na sati 6 da 10 da 14, domin su ne ke kare shi daga mashaƙo, wanda ya addabi Kano da maƙwabtanta tun ƙarshen 2022.

Tambaya: Wane magani ya kamata in saka a jaka, kuma akwai wanda zan ba yaro ya yi barci a mota?

Amsa: Kada ki ba shi maganin barci ko na mura domin ya yi shiru a hanya, magungunan tari ma ba su dace da yaron da bai kai shekara shida ba. Ki ɗauki ma'aunin zafi, da farasitamol na yara mai lambar NAFDAC tare da cokalin awonsa, da ƙunshin gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc saboda gudawa. Ana ba da zinc kwana goma zuwa goma sha huɗu ko da gudawar ta tsaya, ORS kuma a dama shi da adadin ruwan da aka rubuta a jikin takardarsa, ruwan da aka tafasa ko na gora. A mota yaro ya zauna a baya, cikin kujerar yara idan akwai, ba a cinyar wanda ke gaba ba, kuma a guji tafiyar dare da ta asubar da hazo ya rufe hanya. Idan kun sauka, ki zagaya gidan da idonki: murhu, tukunyar ruwan wanka, rijiyar da ba ta da murfi, da kananzir ko fetur da aka zuba a gorar lemo. In ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa ƙwai ko man goge baki. In kuma ya sha kananzir, kada a sa shi amai kuma kada a ɗura masa manja, domin abin yana iya sarƙewa ya shiga huhu; a kai shi asibiti tare da gorar da ya sha daga ciki.